Shanyar da ba a kwashewa

Duk wanda ya tashi a gidan da ake shanya ya san ba a shimfiɗa tabarma inda aka ga dama. Innarmu, Allah ya jiƙanta, in za ta shanya kuɓewa ko barkono a gidanmu na ƙauye a ƙasar Katsina, sai ta fito tsakar gida ta tsaya tukuna. Ta dubi katanga, ta dubi darbejiyar bakin rijiya, ta dubi turken awaki. Ta san inda inuwa take da hantsi, ta san inda za ta miƙe ƙafa bayan azahar. Ta san kwarin da ruwan wanke-wanke yake bi, da hanyar da kaji suke ratsawa. Sai ta gama wannan lissafin a ranta sannan ta ce, "Kai, kawo tabarmar nan, nan za a sa." Wani lokaci taku uku ne kawai tsakanin inda na ajiye da inda ta nuna, amma taku ukun nan su ne tsakanin kuɓewar da ta bushe shar da wadda ta yi baƙi ta yi funfuna.

Ban taɓa zaton zan sake ganin wannan tsayuwar ba sai a Cheras, a kudu maso gabashin Kuala Lumpur, ranar da maƙwabcina ya fito bayan gidansa da igiya da turaku yana neman inda zai kafa sola.

Cheras ba wurin fili ba ne. Rabinta na cikin birnin tarayya, rabinta na jihar Selangor, kuma akasarin gidajenta jere suke bango ɗaya, gaba wurin ajiye mota, baya ɗan lungun da bai wuce a shanya zane biyu ba. Tun da jirgin MRT ya fara ratsa unguwar a 2017 dogayen benaye suke ta tsirowa a gefen tashoshinsa, daga Maluri zuwa Taman Connaught har Batu 11. Mai gida a irin wannan wuri in yana son sola, rufi ne kaɗai gonarsa. Sai an gangara wajen Batu 9, wato mil tara daga gari, inda hanya take karkata zuwa Hulu Langat, ake samun tsofaffin gidaje masu haraba da itatuwa. A nan maƙwabcin nawa yake, dattijo ɗan fansho, muna ce masa Pak Cik kamar yadda za mu ce Baffa a gida. Rufinsa tsoho ne, katakon ya gaji, akwai kusurwar da take yoyo. Ya ce ba zai ɗora wa tsohon jaki sabon kaya ba, kuma shi shekarunsa sun wuce hawa tsani. Abin da hannunsa ba zai kai gare shi ba, in ji shi, ba ya so.

Farantin sola shanya ce, ba wani abu ba. Baƙin gilashi ne a shimfiɗe, yana jiran rana. Saboda haka tambayar farko ita ce ta Inna: ina inuwa take tafiya? Kwana uku Pak Cik ya yi yana fitowa da safe, da tsakar rana, da la'asar, yana kafa turke a bakin inuwar kowace bishiya. Inuwa ta fi yi wa sola illa a kan yadda ido yake gani, domin farantan a jere ake haɗa su, wutar wannan ta bi ta cikin wancan. In reshe ya rufe gefen guda ɗaya, kamar an taka tiyon ban-ruwa ne, har na ƙarshen layi sai ya ji a jikinsa.

A nan na koyi abin da ban sani ba. Akwai mangwaro ta yamma, akwai rambutan ta gabas, ita ce bishiyar nan mai jajayen 'ya'ya masu gashi. Ni da na duba na ce mangwaron ne matsala, ya fi girma. Mai aikin kafa solar ya girgiza kai. A Kuala Lumpur safiya ce mai rana. Daga ƙarfe uku ko huɗu na yamma sau da yawa hadari ya haɗu, sama ta yi duhu, sai tsawa da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ranar yamma dama rabinta ta gajimare ce, ta safe ce dukiya. Don haka rambutan ce ta tsaya a kan hanya. Mak Cik, uwargidan, ta ce ba a sare ta, mahaifinta ne ya dasa. Aka rage mata rassa biyu, aka ja turakun baya taku huɗu. Na ji daɗin hakan. Ba na ganin hikimar a sare inuwar da take sanyaya gida don a samu wutar kunna na'urar sanyaya ɗaki.

Batun fuskantarwa ba wuya a nan. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, mafi yawan shekara rana ta kudu take bi, shi ya sa ake juya faranti ya kalli kudu. Kuala Lumpur kuwa digiri 3 ne kacal. Kusan rabin shekara rana tana ɗan karkata arewa, rabi kudu, tsakar rana kuma tana bisa ƙoƙon kai. Da don rana ce kaɗai, da a kwance za a shimfiɗa shi kamar tabarma. Amma sai aka karkata shi kamar digiri 10, saboda dalilin da ya sa mace take kife kwano a karkace bayan wanke-wanke: ya tsane. Garin da yake samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, ninki biyu na Kano har da ɗoriya, ruwan ne mai wanke masa gilashi, muddin an ba shi gangara. In aka kwantar, ruwa ya kwanta a gefen firam, ya bushe ya bar laka, gansakuka ta kama.

Inda shanyar Inna da ta Pak Cik suka rabu shi ne a nan. Da iska ta kaɗa, gabas ta yi baƙi, sai ka ji muryarta har zaure: "Yara, ku kwashe shanya!" Kafin ɗigon farko komai ya shige ɗaki. Ita wannan shanyar ba a kwashe ta. Masu ƙera farantan suna ba da tabbacin shekara 25 ko fiye, kuma duk tsawon shekarun a waje za ta kwana, ruwa da iska da tsawa a kanta. To abin da zai zauna a waje shekara da shekaru, Bahaushe ya san yadda ake gina shi, domin ya gina rumbu. Ba a ɗora rumbu a kan ƙasa. Sai an jera duwatsu an ɗaga gindinsa, don damshi da gara da ɓera, iska kuma ta riƙa wucewa ta ƙasa.

Haka aka yi a nan, kuma nan ne kuɗi da gumi suka tafi. Faranti shida ne, kowanne wat 550, tsawonsa ya ɗan haura mita biyu, faɗinsa mita ɗaya da 'yan kai, nauyinsa kilo ashirin da wani abu. Ɗora su bai ɗauki wuni ba. Amma ramukan ƙafafun, da zuba kankare, da jiran ya kama, sun ci fiye da mako. Na tsaya a bakin rami ɗaya ina kallo: jar ƙasa mai danƙo, lebura yana fitar da ita tana manne wa shebur, kafin a kai zurfin da ake so ruwa ya fara tsattsafowa a ƙasan ramin. Ƙarfen da aka kafa mai wankan tutiya ne, don ƙarfe tsirara a wannan damshin tsatsa take cinye shi. Mai aikin ya ce abin tsoro ba nauyin da yake danna ƙasa ba ne, iskar da take shiga ta ƙarƙashi ce. Duk wanda ya ga guguwa ta ɗauke faifai daga kan tukunya, ko ta yaye rufin kwano a farkon damina, ya fahimci maganar. Murabba'in mita goma sha biyar na gilashi in iska ta samu ƙasansa, fiffike ne.

Tsayin kuwa Pak Cik ne ya yanke shi, ba mai aikin ba. Ya kai mu jikin katangar baya ya nuna mana wani layi mai duhu da fenti bai rufe ba. A Disambar 2021 aka yi ruwan da ya cinye unguwanni a Selangor, Hulu Langat na cikin inda abin ya fi muni, nan kusa da mu. Shi ruwan bai shiga ɗakinsa ba, amma ya kwanta a harabar. Ya sa hannu a kan layin ya ce gefen ƙasa na farantan ya wuce nan da kamu biyu, inbata kuma a kafe ta a bango daidai ƙirji. Wannan ilimin ba ya cikin takardar kamfani, na mai gida ne, kamar yadda Inna ta san kwarin tsakar gidanta.

Ɗagawar tana da wata riba. Faranti rana yake so, ba zafi ba. Da zafinsa ya wuce digiri 25, kowane digiri yana rage masa kusan kashi ɗaya cikin ɗari uku na ƙarfinsa, a tsakar rana kuwa gilashin yakan kai digiri sittin. Wanda iska take ratsa ƙasansa ya fi wanda aka manna a rufi samun sarari.

Sauran aikin duk na tsaron shanya ne daga masu ɓarna. An shimfiɗa leda an zuba tsakuwa a ƙasa, don ciyawa a nan mako biyu ta kai gwiwa, injin yankanta kuma yana harba dutse. Waya an zura ta cikin bututu an binne, saboda ɓera. An kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa an ɗaure firam ɗin da ita, an sa abin tare tsawa, domin yankin Kuala Lumpur yana cikin wuraren da aka fi yin aradu a duniya. Sannan shinge da ƙofa mai kwaɗo. Wannan na ƙarshe ba ado ba ne. Farantai shida a jere suna tara wuta ta kusan bolt ɗari uku, kuma muddin rana na waje ba makunnin da zai hana gilashin haihuwarta. Abin da yake kan rufi ya yi wa yaro nisa, na ƙasa kuwa yana daidai hannun jika.

Akwai tambayar da kowane ɗan Arewa zai yi, ni ma na yi: ina batir? A gida batir ne zuciyar sola, don abin da muke gudu shi ne ɗauke wuta. A Cheras wutar kamfanin lantarki na TNB takan yi watanni ba ta ƙifta ba, abin da suke gudu kuɗin wata ne. Masu sola a rufi sun samu tsarin NEM tun 2016, wanda daga 2019 ya zama mudu da mudu: rarar da ka tura wa kamfani da rana, a cire maka ita daga abin da ka sha. Kamar mai kai hatsinsa ajiya rumbun maƙwabci ne, ya ɗebo in ya buƙata. Amma tsarin don rufi aka yi shi, har wanda ya gaje shi bayan an rufe shi a Yunin 2025 sunansa Solar ATAP, atap kuwa da Malayanci rufi ke nan. Ƙofar mai kafawa a ƙasa ita ce SelCo, ka samar ka sha da kanka, wadda daga farkon 2025 aka sassauta ƙa'idarta aka yarda da kafawa a ƙasa ko a kan ruwa cikin harabar mutum. A wannan tsarin ba a tura rara waje. Abin da gida bai sha ba a lokacin, ya tafi.

Shi ya sa aka tsaya a shida, ko da yake filin zai ɗauki goma. Inna ba ta yanka kuɓewar da ta fi buhunta. Kuma shi ya sa tsarin gidan ya sauya: injin wanki ya koma ƙarfe goma na safe, guga ta bar dare, tukunyar shinkafa da na'urar sanyaya falo suna aiki lokacin da rana take kan aiki. In an ɗauke wuta kuma inbatar ma tsayawa take, da gangan, don kada ta tura wuta cikin layin da ma'aikaci yake gyarawa.

Ina tsaye a wannan harabar tunanina gida ya tafi. Mu ne masu fili, mu ne masu rana. Farantin da zai ba da mudu huɗu a Cheras, a Kano ko Katsina ko Maraɗi zai ba da biyar. Amma mu ne kuma masu ƙura. Su ruwa yana wanke musu kusan kullum, sai shekarar da hayaƙin gobarar dajin Sumatra ya rufe sama, kamar 2015 da 2019. Mu kuwa daga Nuwamba har Maris ba ɗigo, hunturu yana shafa wa gilashi hoda, kwana kaɗan ya yi fari fat. Duk da haka sai ka ga an haye da farantai can ƙololuwar rufin kwano mai zafi, inda ba mai kai musu tsumma sai an nemo tsani da yaro mai ƙarfin hali, an kuma huda kwanon da kusa, damina ta zo ta nuna wurin. A ganina mai fili a Arewa ya fi Pak Cik dalilin sauko da solarsa ƙasa. Na san abin da za a ce: awaki, ƙwallon yara, ɓarayi, da katangarmu mai tsawo da take jefa inuwa. Kuma tsakar gida ba fili ba ne na banza, nan ake daka, nan ake girki, nan ake shanyar gaske. Amma ai mun iya rumfa. A kafa ginshiƙai su wuce kai, nesa da katangar kudu, a ɗora farantan su zama rufinta, a ɗaure su da notin da ba ya kwantuwa da sauƙi. Sama tana shan rana, ƙasa ana shan inuwa, mai gida ya tsaya a kan benci da sanda mai tsumma ya share kayansa da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.

Ranar Asabar da ta wuce na leƙa gidan bayan la'asar. Mak Cik ta shimfiɗa tire biyu na barkono a kan tsakuwar da ke gaban shingen, ta ce nan ne ya fi ko'ina rana a gidan, tunda an riga an auna mata. Muna cikin gaisawa iska ta juyo daga wajen duwatsun Hulu Langat, ganyen rambutan ya fara kaɗawa. Ta ƙwala wa jikarta kira, yarinyar ta fito a guje ta ɗauki tire ɗaya, ita ta ɗauki ɗaya. Ni da Pak Cik muka koma ƙarƙashin baranda. Ruwan ya sauko a kan gilashin, yana gangarowa ta gefen ƙasa, yana tafiya da busassun ganye da kashin tsuntsu.