Majuyar Farabola da Yadda Ake Tabbatar da Ita

Mai tsaron gida ya buga ƙwallo, ta tashi sama da gudun mita 20 a daƙiƙa. In aka ɗauki ƙarfin jan ƙasa a 10 don sauƙin lissafi, nisanta daga ƙasa bayan daƙiƙa t shi ne h = 20t − 5t². Lissafi irin wannan, mai harafin da aka ninka da kansa, shi ake kira kwadaratik, zanensa kuma lanƙwasa ce mai suna farabola. Masanin kimiyya Galileo ne ya nuna a littafinsa na 1638 cewa duk abin da aka jefa wannan hanya yake bi, in an cire turjiyar iska.

Kowace farabola tana da majuya guda, wato inda hawa ke ƙarewa sauka ta fara, ko akasin haka. A siffar y = ax² + bx + c, majuyar na nan a x = −b/2a. Idan a ta haura sifili, lanƙwasar tana zaune kamar ƙwarya a buɗe, majuyar ce gindinta. In ta gaza sifili, ƙwaryar a kife take.

Ga ƙwallon nan, a = −5, b = 20, sai t ta fito 2. A mayar da 2 cikin lissafin: 40 − 20, mita 20 ke nan.

To yaya za a san ba a yi kure ba? Ɓangarori biyu na farabola daidai wa daida suke, don haka a gwada taki ɗaya hagu, taki ɗaya dama. A daƙiƙa 1 ƙwallon na mita 15, a daƙiƙa 3 ma 15. A 0 da 4 tana ƙasa. Da lambobin sun saɓa, da akwai matsala.

Wannan gwaji ba ya cin minti guda, kuma yana kama kuskuren alamar ragi. A y = x² − 6x + 5, b ita ce −6, saboda haka −b ta zama 6, majuyar kuma (3, −4). Mai gaggawa sai ya rubuta −3. Da ya gwada −2 da −4, da ya ga 21 da 45, ya san akwai gyara. A 2 da 4 kuwa, duka −3 ake samu.