Tawadar da ke nuna wa likita inda ciwon hanji yake

A shekarar 1987, a birnin Liyon na ƙasar Faransa, likita Philippe Mouret ya cire wa wata mata madaciya ba tare da ya tsaga cikinta ba. Ƴan ƙananan ƙofofi ya huda, ya zura madubi mai haske da dogayen kayan aiki ta cikinsu. Shekara biyu kafin nan wani Bajamushe, Erich Mühe, ya riga ya gwada irin wannan fiɗa. Zuwa 1991 likitocin Amurka sun fara yanke sashen babban hanji ta wannan hanya. Amfaninta a fili yake: ciwo kaɗan, tabo ƙarami, majinyaci kuma ya koma gida da wuri. Sai dai kowane allazi da nasa amanu, domin likita ya sami ido a cikin ciki, amma ya rasa yatsunsa.

A fiɗa irin ta dā, likita kan bi hanji da hannu yana laluba har ya ji inda ƙari ya yi tauri. Da dogon ƙarfe ba a jin haka. Ƙarin kuwa daga ciki yake tsirowa, in yana ƙarami bayan hanjin sumul yake, ba shi da wata alama. Ga shi babban hanji ya kai mita ɗaya da rabi, yana lanƙwashewa yana miƙewa, saboda haka awon da aka yi da bututun duba hanji ta dubura yakan yi kuskure. In aka ɓata wurin, ko dai a yanke sashe mai lafiya a bar cuta, ko a koma ga tsaga cikin da aka guda. Ba ƙaramar magana ba ce, tun da ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna mutum fiye da miliyan 1 da dubu 900 ne suka kamu da sankarar babban hanji da dubura a wannan shekara, wajen dubu 930 kuma suka rasu.

Dabarar farko ita ce yin shaida da tawada. A 1975 likitoci biyu, Ponsky da King, suka bayyana yadda ake ɗura tawadar Sin a bangon hanji ta cikin bututun dubawa. Asalinta baƙin gawayi ne, ƴar'uwar tawadar da ake haɗawa da baƙin tukunya. A yau ana amfani da wadda aka tace aka kashe ƙwayoyin cutar cikinta. Akan fara ɗura ruwan gishiri kaɗan a ƙarƙashin fatar cikin hanji don ta ɗago, sannan a zuba tawadar a wuri biyu ko uku, santimita 3 zuwa 5 daga ƙarin. Tana daɗewa shekaru ba ta goge ba. Aibinta shi ne in allura ta zarce, baƙin yakan watsu cikin ciki ya rufe wa likita hanya, wani lokaci ya jawo kumburi, ko naman wurin ya manne.

An nemi madadinta tun da daɗewa. A 1989 masu bincike a Amurka suka gwada rini iri takwas a hanjin karnuka, har da wanda ya samo asali daga shunin da marina suka sani. Shida suka ɓace cikin kwana ɗaya ko biyu. Tawadar Sin ta tsaya, sai kuma wani koren rini da ake kira ICG a taƙaice, wanda likitoci ke aiki da shi tun ƙarshen shekarun 1950. Baiwarsa ita ce in aka haska shi da wani irin haske da idon mutum ba ya gani, sai ya yi ƙyalli a allon kamara, ko da nama ya ɗan rufe shi. Amma shi ma yana yaɗuwa, kuma bayan kamar mako guda ya fara dushewa, alhali majinyaci na iya jiran fiɗa fiye da haka.

To, nan ne sababbin kayan da jiki ke karɓa suka shigo, kuma manufarsu ɗaya ce: a riƙe alamar a wuri guda har ranar fiɗa. A Japan an ƙera wani ɗan ƙaramin matsi na roba mai ƙyalli, wanda ake maƙalawa kusa da ƙarin daga ciki, likita ya hango haskensa daga waje, ya cire shi tare da sashen da ya yanke. A Strasbourg, masana ilimin haɗa sinadarai da likitocin cibiyar IRCAD sun shafa wa irin wannan matsi wani fenti mai ƙyalli, suka gwada shi a jikin aladu. Wasu kuma suna cuɗa koren rinin da abu mai yauƙi irin na ruwan gaɓoɓi, ko mai danƙo da ake samu daga ɓawon ƙaguwa, don ya daskare inda aka ɗura shi kamar yadda ƙaro ke riƙe tawada. A Koriya ta Kudu har jinin majinyacin da kansa an yi shaida da shi, domin jiki ba ya ƙin abinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka an kai ƙarshen tafiya. Da yawa daga cikin waɗannan kaya ba su wuce gwaji a kan dabbobi ko ƴan tsirarun majinyata ba. Matsi yana iya sakin nama ya faɗi, kitse mai kauri yana tare ƙyalli, kamarar da ke ganinsa kuma tana da tsada. Shi ya sa har yanzu baƙar tawada ce aka fi dogara da ita a asibitocin duniya. Abin lura shi ne ƙaramin ƙari ne ya fi buƙatar alama, kuma shi ne ya fi sauƙin warkewa. Wanda ya ga jini a bayan gidansa, ko cikinsa ya sake hali makonni a jere, ya garzaya wurin likita, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.