Sikila da Zazzaɓin Cizon Sauro: Yadda Gado Ke Canza Al'umma

Kowannenmu ya gaji rabin ƙwayoyin halittarsa daga uwa, rabi kuma daga uba. Shi ya sa 'yan gida ɗaya sukan yi kama, amma kowa da nasa bambancin. Idan wani bambanci ya taimaki masu shi su rayu har su haihu, yakan yaɗu cikin al'umma sannu a hankali, tsara bayan tsara. Misali mafi kusa da mu yana cikin jininmu.

Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da wani sinadari da ake kira himogilobin, wanda ke kai iskar da muke shaƙa ko'ina cikin jiki. Yawancin mutane sun gaji irin A daga iyaye biyu, wato AA. Wasu sun gaji A da S. Wanda ya gaji S daga uwa da uba, wato SS, shi ne mai ciwon sikila. Ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su jawo ciwo mai tsanani da ƙarancin jini.

To, me ya sa abu mai cutarwa haka bai ɓace ba? A shekarar 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS suna da kāriya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A inda zazzaɓin ke kashe yara da yawa, masu AS sun fi tsira, suka girma suka ba 'ya'yansu S. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har ya zama kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana da AS.

Ga abin da ya shafe mu. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da zarafi 1 cikin 4 na zama SS. Kada mu ɗauka cewa bayan an haifi ɗaya, uku na baya sun kuɓuta. Kowane ciki da nasa lissafin.

Saboda haka sikila ba la'ana ba ce, ba kuma aikin mayu ba ne. Mu ɗalibai mu je asibiti mu san irin jininmu tun kafin zancen aure ya taso, gama rigakafi ya fi magani. Ikilisiya kuma ta tallafi masu ciwon da ƙauna. Ubangiji ya ba mu hikima.