Hatsarin da bai shiga littafi ba

Manoma da makiyaya, kun san hanyar gudro da ta taso daga Yamai, ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Maraɗi har Damagaram. Tana ratsa kasuwanninmu da burtalin dabbobi.

A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya yana kashe mutane wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara. Amma a karkara, hatsari da yawa ba ya shiga littafi. Babur ya buge amalanke, an sasanta gaban mai gari, jandarma bai ji ba. Wanda ya cika a gida bayan kwana uku, sau da yawa ba a lissafa shi.

Shi ya sa ma'aikacin hanya yake bukatar horo na musamman. Ana koya masa ya gwama littafin jandarmomi da na asibiti. Ya fita da ƙafarsa ranar kasuwa, ya ƙidaya motoci, ya duba kwanar da ciyawa ta rufe, ya nemi sawun birki da fasasshen gilashi. Ya zauna da direbobi a tasha.

In ya zo garinku, ku nuna masa inda shanu ke tsallakawa da magariba. Da shaidarku zai nemi a kafa allo, ko a yi tudun rage gudu a wurin.