Kalmar "front": Daga goshin mutum zuwa fagen daga da siyasa

Masu bin labarun duniya sun saba cin karo da kalmar "front" a sunayen ƙungiyoyi irin su FLN ta Aljeriya, da Polisario ta Yammacin Sahara, da TPLF ta Habasha. Wasu daga cikinsu jam'iyyun siyasa ne, wasu kuma 'yan tawaye masu ɗauke da makamai, amma duk sun yi tarayya a kalma guda, wadda asalin ma'anarta ita ce goshi.

Asalin kalmar

Kalmar ta samo tushe ne daga "frons" a harshen Latin, wato harshen Rumawan dauri. Da ita suke kiran goshin mutum, daga baya suka riƙa kiran fuskar gini da sahun farko na mayaƙa da ita, tun da yake goshi ne ke fara tarar duk abin da mutum ya tunkara.

Daga Latin ta gangaro cikin Faransanci, inda har yau "front" ke nufin goshi. Turancin Ingilishi ya aro ta daga Faransanci wajajen ƙarni na 13 da wannan ma'ana, amma sannu a hankali ya karkata ta ga duk abin da ke gaba. A harsunan Spain da Portugal kuwa ta zama "frente", kalmar da ke farkon sunan ƙungiyar Frelimo ta Mozambik, wadda aka kafa a 1962.

Daga wannan tushe ne kuma aka samu "frontière", kalmar da fataken da ke ƙetarawa daga Illela zuwa Birnin Ƙonni ke ji a bakin jami'an Nijar. Ma'anarta ita ce iyakar ƙasa, wato wurin da ƙasa ke fuskantar maƙwabciyarta.

Daga yaƙi zuwa siyasa

Yaƙin duniya na ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ya ƙara yayata kalmar da ma'anar bakin daga, inda rundunoni biyu suka shafe shekaru suna fuskantar juna daga cikin ramuka a Faransa da Beljiyam.

Bayan yaƙin ne 'yan siyasa suka rungume ta. A shekarun 1920 'yan gurguzu suka yi ta kiran ƙungiyoyin ma'aikata da su tsaya sahu ɗaya, sannan a 1936 wani ƙawancen jam'iyyu mai suna "Front populaire" ya ci zaɓe a Faransa, Léon Blum ya zama firayim minista. Tun daga nan kalmar ta ɗauki ma'anar ƙawancen mutanen da ra'ayinsu ya bambanta, amma abokin hamayya ɗaya ya haɗa su.

Wannan ma'ana ta iso Arewacin Najeriya. Gabanin zaɓen tarayya na Disambar 1964, jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, da UMBC ta Joseph Tarka, da wasu ƙananan jam'iyyu, sun haɗu a ƙarƙashin inuwar Northern Progressive Front. Cikinsu har da jam'iyyar talakawan Zamfara, daga cikin lardin Sakkwato na wancan zamani. Abin da ya haɗa su shi ne adawa da NPC ta Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wadda duk da haka ta lashe mafi yawan kujerun Arewa.

Larabci ya bi sahu

Ɗalibin da ya karanta Ahalari ko Risala a zaurukan malaman Sakkwato ya san kalmar "jabha" a babin salla, domin ɗora goshi a ƙasa yana cikin farillan sujada. Wannan kalma ce Larabcin zamani ya ɗauka ya ba ta ma'anar fagen yaƙi da ta ƙawancen siyasa, kamar yadda Faransanci ya yi.

Shi ya sa sunan FLN, wadda ta fara yaƙin neman 'yancin Aljeriya a 1954, yake farawa da "jabha" a Larabce. Haka ma FIS, jam'iyyar masu ra'ayin Islama da ta yi rinjaye a zagayen farko na zaɓen ƙasar a Disambar 1991, kafin sojoji su soke zaɓen.

Goshin damina

Masana yanayi na birnin Bergen da ke Norway, ƙarƙashin jagorancin Vilhelm Bjerknes, su ma sun ari kalmar daga fagen daga jim kaɗan bayan yaƙin, suka kira layin da iska iri biyu ke haɗuwa da ita.

Irin wannan layi yana da tasiri a kan noman Sakkwato. Busasshiyar iskar hamada tana busowa daga arewa maso gabas, iska mai laima kuma tana tasowa daga tekun Atilantika. Layin da suke karo yana hawa arewa a lokacin bazara, ya kai ƙarshen tafiyarsa wajajen watan Agusta, sannan ya juya kudu.

Sai dai ruwa mai ƙarfi ba a kan layin yake sauka ba, yana biyo bayansa ne da nisan ɗaruruwan kilomita. Don haka wucewar layin kan kawo zafi mai gumi da hadari jefi-jefi, kuma manomin da ya zuba duk irinsa a ruwan farko na iya yin asara idan ruwan ya ɗauke.

Inda Bahaushe ya kai goshi

Hausa ma ta faɗaɗa ma'anar goshi, amma ta fi karkata shi ga lokaci da kuma sa'a. Ana cewa goshin azahar ko goshin magariba, wato dab da shigar lokacin. Amaryar da alheri ya biyo zuwanta ana cewa tana da goshi.

Saboda haka mai fassara ba zai iya mayar da "front" goshi a labarin siyasa ba. A labarin yaƙi yakan ce fagen daga, a na siyasa ya ce ƙawance ko gamayya, wani lokaci kuma ƙungiya kawai.

Kowane zaɓi yana da sakamako. RUF ta Saliyo, wadda ta shahara da guntule hannayen fararen hula a shekarun 1990, da ƙawancen su Malam Aminu da ya nemi ƙuri'a a 1964, duk suna ɗauke da wannan kalma. RPF ta Ruwanda kuwa ta fara ne da tawaye, ta kama mulki a 1994, kuma ba ta sauya suna ba.

Abin da kalmar ke nunawa shi ne wasu mutane sun yi sahu suna fuskantar wasu. Sanin ko da ƙuri'a suke fuskantarsu ko da bindiga sai mai karatu ya duba tarihin ƙungiyar da ayyukanta.