Ciwon sukari mai sa jiki ya yaƙi kansa

Ciwon sukarin da ke kama yara da matasa a Tabla da ƙasar Kurfai ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce ke rikicewa, ta hallaka ƙwayoyin da ke samar da insulin.

Rikicin ba ya tsayawa nan. Shekaru suna tafiya, yawan sukari yana hura wani kumburi na ɓoye a jijiyoyin jini, ya taɓa ƙoda da idanu. Rauni yakan daɗe bai warke ba, tarin fuka kuma ya fi saurin kama mai ciwon. Wani lokaci garkuwar takan far wa ƙullin maƙogwaro.

Don haka allurar insulin ta kullum ba ta wadatarwa. A nemi gwajin ƙoda da ido a Filinge ko Yamai.