3.4 Tasirin Ciwon Asma a Kan Zuciyar Yara da Matsin Jinin Huhu

A wannan sashe za a yi bayanin yadda ciwon asma, wanda Hausawa ke kira fuka, yake taɓa zuciyar yaro, ko da yake asalinsa ciwo ne na hanyoyin iska. Dalili kuwa shi ne, duk jinin da ya dawo daga jiki sai ya ratsa huhu kafin ya sake fita. Saboda haka, abin da ya takura huhu ya takura zuciya.

3.4.1 Gudanar Jini a Huhu

Ɓangaren dama na zuciya shi ke tura jini zuwa huhu domin ya ɗauki iskar oksijin, na hagu kuma ya rarraba shi ga sauran jiki. Bangon ɓangaren dama ba shi da kauri, domin matsin jinin huhu kaɗan ne, kimanin milimita 14 a ma'aunin zaiba ga mai lafiya. Bayan taron da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a 1973, an daɗe ana ɗaukar milimita 25 a matsayin iyakar hawan jinin huhu, har taron masana na 2018 a Faransa ya sauko da ita zuwa 20.

3.4.2 Abin da Ke Faruwa Idan Ciwon Ya Tashi

Idan ƙurar hunturu ko hayaƙin itace ko mura suka tayar da ciwon, hanyoyin iska kan kumbura su tsuke, majina ta taru a ciki. Daga nan nauyi yakan hau zuciya ta hanyoyi uku.

Na farko, inda oksijin ya yi ƙaranci a huhu, ƙananan jijiyoyin jinin wurin sukan tsuke, kamar yadda von Euler da Liljestrand suka nuna a 1946. Wannan dabara ce ta karkata jini zuwa inda iska take, amma idan tsukewar ta game huhu, sai matsin jini ya hau.

Na biyu, iskar da ta shiga takan kasa fita duka. Huhu yakan cika fiye da kima, ya danne jijiyoyin da ke jikinsa.

Na uku, ƙarfin da yaro ke sawa wajen jan numfashi yakan janyo jini mai yawa zuwa ɓangaren dama, wanda kan buɗe ya matse na hagu. Shi ya sa bugun jini kan yi rauni a duk lokacin da yaro ya ja numfashi. Idan faɗuwar matsin ta wuce milimita 10, alama ce cewa ciwon ya yi tsanani.

Har wa yau, maganin shaƙa na salbutamol yana ƙara saurin bugun zuciya, don haka ba kowane saurin bugu ne ke nuna zuciya ta gaza ba.

3.4.3 Sakamako na Dogon Lokaci

Ga mafi yawan yara, matsin yakan koma daidai da zarar hanyoyin iska sun buɗe, kuma ba kasafai asma kaɗai ke kai yaro ga gazawar zuciya ba. Amma binciken hoton zuciya ya gano ɗan rauni a aikin ɓangaren dama ga wasu yara, musamman masu ciwo mai tsanani, tun kafin wata alama ta bayyana.

Bisa wannan, hana ciwon tashi ta hanyar maganin rigakafi na shaƙa da nisantar hayaƙi shi ne kāriyar zuciyar. Yaron da aka ga ƙafafunsa sun kumbura, ko yana suma, ko yana haki alhali ƙirjinsa ba ya fito, ya kamata a duba zuciyarsa, kada a tsaya ga cewa fuka ce kawai.